Takardar da na ja wa layi a tsakiya

Saura wata 4 in kammala shekarar horon farko bayan makarantar likitanci, tambaya ɗaya ce take bina duk inda na sa ƙafa: "To likita, wane fanni za ki shiga?" Yawancin abokan karatuna sun riga sun tsai da magana. Wannan tiyata, wancan mata da haihuwa, waccan yara. Ni kuwa in an tambaye ni sai in yi murmushi in ce ina nan ina shawara. Alhali na san abin da raina yake so, nauyin faɗa nake ji. Tun makonnin da muka yi a sashen masu taɓin hankali muna ɗalibai zuciyata ta maƙale a can.

Ranar da na fara furta maganar a gida, Umma ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. "Duk shekarun nan da kika kwashe kina karatu, ki ƙare a likitar mahaukata?" Ba faɗa take yi ba, tausayina take ji. Kawu da ke zaune a gefe ya kada baki ya ce, "'Yar nan, ki yi a hankali. An ce mai yawan zama da su yakan koma kamar su." Wannan maganar ba a gida kaɗai na ji ta ba. Na sha jin ta daga bakin likitoci, ana faɗa ana dariya, kuma dariyar ta fi maganar ciwo.

Daren nan na ɗauko takarda na ja layi a tsakiyarta. Dama amfani, hagu illa. Na ce zan yi abin da hankali, kada so ya rufe mini ido.

Abin da na fara rubutawa a dama har yau in na tuna sai kunya ta kama ni: kiran dare bai kai na sauran sassa yawa ba, ba tsayuwar awa 6 a ɗakin tiyata, mutum zai sami lokacin iyalinsa. Sai na ƙara da abin da ya fi kyan faɗa a gaban mutane, wato buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kusan mutum 1 cikin 8 ke nan, likitocin fannin kuwa sun yi kaɗan kusan ko'ina. A hagu na jero guda 5: raini daga mutane har da abokan aiki, samu bai kai na masu aikin fiɗa ba, ana iya dukan mutum, zan manta likitancin da na sha wahalar koyo, sannan marasa lafiyar ba sa warkewa.

Na kai wa babban likitan da ya koyar da mu takardar. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda in ya yi shiru ɗalibi kan ji kamar ya tona asirin kansa don kawai a cike shirun. Ya karanta sau biyu, ya miƙo mini.

"Likita, na hagun nan duk maganar mutane ce. Na daman kuma rabi son hutu, rabi alƙaluma. Ban ga naki ba ko ɗaya."

Na ce, "Malam, to yaya zan yi?"

Ya ce in nemi izini in riƙa zuwa ɗakin duba marasa lafiyarsa da zagayen safe har mako 4, kuma kada in zo a matsayin ɗalibar da ke neman cin jarrabawa. In zo in zauna in ga ko zan iya yin wannan shekara 30. Gani ya kori ji.

Layin da ya fara faɗuwa shi ne na rashin warkewa. A makon farko aka kawo wata mai jego, kwana 9 da haihuwa, ta yi kwanaki ba barci, tana ta surutai, ta haƙiƙance an musanya mata jariri. Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa hannunsa. Wannan larura tana samun kamar mace 1 ko 2 cikin 1,000 da suka haihu, kuma ta gaggawa ce, don ran uwa da na jariri duk suna cikin haɗari. Aka kwantar da ita aka fara magani. Kafin makonnina su ƙare na same ta zaune a bakin gado tana shayar da ɗanta, tana tambayar nas cikin jin nauyi wai me da me ta riƙa faɗa. Ban taɓa ganin mutum ya tafi da nisa haka ya dawo ba, ko a sashen da ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya.

Sai kuma wani tsoho da ciwon damuwa mai tsanani ya hana shi ci da sha, ya zama kamar itace, ba magana ba motsi. Shi aka yi wa jinyar lantarki, wato a ratsa ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki, wadda sunanta kaɗai ke sa mutane su ja da baya. An fara ta ne a birnin Roma a 1938, kuma yadda ake yin ta a wancan lokaci ya isa ya tsorata kowa. Yanzu sai an sa mutum barci, an yi masa allurar sassauta jijiyoyi, abin bai wuce 'yan mintoci ba. Tana da nata aibin, don wasu sukan manta abubuwan da suka faru a kwanakin jinyar. Amma bayan zama na 5 tsohon nan ya nemi a ba shi abinci da bakinsa.

Da na koma na duba tarihin magungunan sai na ga ashe fannin bai daɗe da samun abin hannu ba. A 1949 ne wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna cewa litiyam yana kwantar da mai ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya hana shi barci ya sa shi ɓarna, wanda yanzu ake kira bayifola. A 1952 aka fara ba masu taɓin hankali kulofuromazin a birnin Faris. Kafin nan ɗauri da kulle su ne suka fi yawa. Kuma na tambayi kaina: ciwon suga warkewa yake yi? Hawan jini fa? Ba wanda ya taɓa ce wa mai duba masu ciwon suga ya ɓata karatunsa.

Duk da haka ban soke layin gaba ɗaya ba, don tsugune ba ta ƙare ba. Na ga masu sikizofireniya, ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da yarda da abin da ba haka yake ba, waɗanda fayil ɗinsu ya fi kundin karatu kauri, an sallame su an sake kwantar da su ya fi a ƙirga. Da muna ɗalibai mukan ce taurin kai ne ke sa su bar shan magani. Sai da na zauna da wani saurayi ya nuna mini hotonsa na shekara 2 baya, siriri, ya ce in dube shi yanzu. Maganin ya kashe muryoyin da yake ji, amma ya ƙara masa ƙiba, ya sa shi barci har rana ta take, hannunsa na rawa. "Likita, ke za ki sha?" Ban ba shi amsa ba. Akwai kuma waɗanda magungunan farko ba sa yi musu aiki, sai an koma ga kulozafin, shi kuma dole a riƙa gwada jini a kai a kai saboda yana iya karya fararen ƙwayoyin jini har ya kai ga halaka. Gaba kura baya sayaki, kuma likita ne zai zauna da iyali a zaɓi wadda za a tunkara.

Batun manta likitanci bai ɗauki lokaci ba. Wani magidanci aka kawo wai ya haukace dare ɗaya, yana fizge-fizge, bai san inda yake ba. Malam ya dube shi minti 2 ya ce a auna zafin jikinsa da sugansa, a saurari ƙirjinsa. Ciwon huhu ne ya ɗimauta shi, aka mai da shi sashen da ya dace. Wata mata kuma an daɗe ana ba ta maganin damuwa ba sauƙi, ashe tayirod ɗinta ne ya yi rauni, wato abin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Akwai ma wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke jawowa, wanda sai a 2007 aka bayyana shi, yakan fara da alamun da ba su da maraba da hauka, musamman ga 'yan mata. Mai shan litiyam sai an bi ƙodarsa da tayirod ɗinsa da yawan maganin a jininsa, don tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba tazarar kaɗan ce. Sannan masu larura mai tsanani sukan mutu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, kuma yawanci ciwon zuciya da suga da makamantansu ne ke ɗauke su, saboda da zarar an ga tarihin taɓin hankali a kati sai a daina sauraren kukansu. Likitan ƙwaƙwalwar da ya ajiye abin sauraren ƙirjinsa a gida, shi ya so. Na soke wannan layin da ƙarfi har biro ya huda takardar.

Duka kuwa akwai shi, ba zan ɓoye ba. Mafi yawan marasa lafiyar ba sa taɓa kowa, su ne ma aka fi cuta. Amma wata rana wani da shaye-shaye ya birkita ya damƙe wuyan hannuna, ya ce ni ce aka turo in sa masa guba. Cikina ya ɗuri ruwa. Wata tsohuwar nas ce ta matso a hankali, ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi ko ya yi barci jiya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar ba abin da ke faruwa, har ya sake ni. Bayan nan ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, laifinki ne kika bar shi tsakaninki da ƙofa." Daga ranar na koyi inda ake ajiye kujera, da lokacin da ba a shiga ɗaki ni kaɗai, da yadda ake gane hadari tun yana haɗuwa daga yadda mutum ke zagaye ɗaki yana dunƙule hannu. Layin na nan, na dai rage masa girma.

Kuɗi ba sai na ja magana ba. Aikin da ake yi da wuƙa da na'ura ya fi aikin da ake yi da kunne kawo samu a yawancin ƙasashe, kuma na san haka tun kafin in fara. Horon ma ba gajere ba ne, a Amurka shekara 4 ne, a Ingila 6, uku na tushe uku na ƙwarewa. Daga nan mutum na iya karkata ga yara da matasa, ko tsofaffi, ko masu shaye-shaye, ko waɗanda shari'a ta haɗa da su, ko ya zama mai zagaya sauran sassan asibiti yana duba waɗanda ciwon jiki ya taɓa musu hankali.

Abubuwan da suka hana ni barci a ƙarshe ba su cikin takardar ko ɗaya.

Na farko, ba gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai ce maka ga sikizofireniya, ga ciwon damuwa. Gwaje-gwajen da ake yi na kore wasu cututtuka ne kawai. Sauran duk kunne ne da ido: yadda mutum ya shigo, suturarsa, saurin maganarsa, ko tunaninsa na tafiya a kan hanya ɗaya ko yana tsalle, abin da 'yan uwansa suka faɗa, abin da suka ƙi faɗa. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ma takan yi ƙarya. Akwai manyan kundaye biyu da ake dogara da su wajen sa wa ciwo suna, ɗaya na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka wanda bugunsa na 5 ya fito a 2013, ɗaya na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022. A na Amurkan, kafin a ce mutum na da ciwon damuwa mai tsanani sai ya nuna alamu 5 cikin 9 har tsawon mako 2. Me ya sa 5, ba 4 ba? Masana ne suka zauna suka yi ittifaƙi. Na ga manyan likitoci biyu sun duba mutum ɗaya sun fito da suna biyu, kuma kowanne da hujjarsa. Ni da na saba a kawo mini sakamakon gwaji in ga lamba in san inda na dosa, wannan ya girgiza ni. Maganin damuwa ma sai ka ba mutum ka ce ya yi haƙuri makonni kafin ya ji canji, in bai yi ba a sauya wani, kuma har yau masana ba su gama daidaitawa kan yadda yake aiki ba.

Na faɗa wa Malam haka, ina tsammanin zai kare fanninsa. Sai ya ce in ƙara da wannan: a 1949, shekarar da aka gano amfanin litiyam, aka ba Egas Moniz na Fotugal kyautar Nobel saboda aikin yanke hanyoyin gaban ƙwaƙwalwa, aikin da ya bar dubban mutane ba su da sauran kuzari ko walwala. "Waɗanda suka yi shi ba mugaye ba ne," in ji shi. "Sun tabbata ne kawai. Ni likitan da ya cika tabbata a fannin nan shi nake tsoro."

Na biyu ya fi nauyi. A sauran sassa in mara lafiya ya ce ba ya son magani, za ka yi masa bayani, ya sa hannu, ya tafi. A nan kuwa akwai lokacin da doka ta ba likita ikon tsare mutum ba da son ransa ba, in ciwonsa ya sa ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu. Ƙa'idojin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma sa hannun iri ɗaya ne. Na tsaya ina kallo aka yi wa wani malamin makaranta haka. Ya yi mako yana rabar da dukiyarsa, ba ya barci, yana tuƙi da gudun da zai kashe wani. Da aka ce masa ba zai koma gida yau ba, bai yi ihu ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Laifin me na yi?" Na san tsarewar daidai ce, amma na kwana ina jin tambayar.

Na uku Malam ne ya kawo shi da kansa, ranar da makonnina suka cika. Ya rufe ƙofa ya ba ni labarin wani mara lafiyarsa na shekaru da yawa baya, wanda ya zo ranar ganin likita fuskarsa a sake, ya ce ya ji sauƙi, ya yi godiya har da addu'a. Kwana 3 bayan haka ya kashe kansa. Fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya a duniya kowace shekara, kuma duk tambayoyin da aka koya mana, duk ma'aunan da aka tsara, ba wanda ke iya nuna maka wane ne zai aikata a wace rana. Malam ya ce har yanzu yakan ɗauko zaman nan a ransa yana jujjuya shi, yana neman kalmar da ta wuce shi. "Mai tiyata in ya rasa mutum yakan san jijiyar da ta ɓalle. Ke ba za ki sani ba. In kin daɗe a aikin nan da wuya ki tsira daga irin wannan. In kin ga ba za ki iya ɗauka ba, babu abin kunya, ki tafi inda za ki yi amfani."

Na fito jikina a sanyaye. Kusan mako 2 na ajiye maganar, har na karɓo takardar neman shiga sashen cututtukan manya na cike rabinta.

Abin da ya raba gardamar ba wani babban al'amari ba ne. Na koma aikina na yau da kullum sai na fara lura da irin gajiyar da nake kwasowa gida. In na wuni a ɗakin tiyata ƙafafuna ne ke ciwo, kaina fes, ina kwanciya sai barci. In na wuni a wurin Malam jikina lafiya lau, amma kaina cike da muryoyin mutane, wani lokaci ko gaisuwa ba na son a yi mini. Ta biyun ta fi cin rai. Sai dai da safe, ita ce nake tashi ina ɗokin komawa. Wata rana kuma a zagayen safe na tsinci kaina zaune a bakin gadon wani mai ciwon suga da ake shirin yanke wa ƙafa, kusan minti 40, ina tambayarsa me ya sa ya bar shan magani tun bayan rasuwar matarsa. Abokan zagaye sun yi gaba sun bar ni, har an aiko nemana. Ba wanda ya sa ni. Da na miƙe na ga ashe ko ciwon ƙafar ban buɗe na duba ba, sai na yi wa kaina dariya, na je na yaga takardar da na cike rabi.

Yanzu ina shekara ta biyu a horon. Kiran daren da na ɗauka hutu ne ya nuna mini kuskurena, don ƙarfe 3 na dare shi ne lokacin da aka fi kirana sashen gaggawa. Umma in an tambaye ta takan ce 'yarta likitar ƙwaƙwalwa ce, ta bar mutane su ɗauka buɗe kai nake yi ina ɗinkewa, ni kuma ba na gyara mata. Takardar nan tana cikin aljihun jakata, ta yi laushi saboda naɗi. Abubuwa ukun nan da suka hana ni barci na ƙara su a hagu, kuma ba wanda na soke.

Wata 7 da suka wuce na fara sa hannu da kaina a tsare wani, matashi ne da ya daina ci saboda ya yi imani ana zuba masa wani abu a abinci. Ya sami sauƙi, ya koma aikinsa, ba ya fashin ranar ganin likita. Har yau in ya shigo ba ya amsa gaisuwata. Yakan zauna ya kalli bango, ya amsa tambayoyina a taƙaice, ya karɓi takardar maganinsa, ya tambaye ni ranar da zai dawo.